Ciwon Gini: Dalilan Rashin Lafiyar Ma'aikatan Ofis a Yauri, Ngaski da Shanga

Gabatarwa

An shirya wannan bayani domin ma'aikatan ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, da shugabanninsu, da iyayen ƙasa da hakimai, da kuma sauran jama'ar da ke zuwa ofisoshin gwamnati domin biyan buƙatunsu. Manufarsa ita ce wayar da kai a kan wata larura da ke samun mutanen da ke yini a cikin gini ɗaya, wadda sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko lalaci, wani lokaci ma har akan danganta ta da iskoki ko sammu. Alhali kuwa asalinta yana cikin iskar da ake shaƙa a ɗakin aiki. Mafi yawan abubuwan da ke jawo ta ana iya ganinsu da ido, kuma gyaransu bai kai kuɗin maganin da ake saye ba.

Ma'anar Ciwon Gini da Alamominsa

Masana lafiya sun ba wannan larura suna mai nuna cewa ginin ne ba shi da lafiya. A wannan bayani za a kira ta ciwon gini. Ana nufin yanayin da mutane da dama da ke aiki a gini ɗaya za su riƙa fama da rashin jin daɗin jiki muddin suna ciki, su kuma sami sauƙi idan sun fita, ba tare da likita ya gano wata takamaimiyar cuta a jikinsu ba.

Alamomin da aka fi gani sun haɗa da:

1. Ciwon kai, jiri da nauyin kai, musamman daga hantsi zuwa azahar.
2. Ƙaiƙayin ido, jan ido ko zubar hawaye.
3. Toshewar hanci, atishawa, bushewar maƙogwaro da busasshen tari.
4. Bushewar fata ko ƙaiƙayi.
5. Kasala, gyangyaɗi da kasa tattara hankali a kan aiki.
6. Tashin zuciya da ƙin wari.

Babban abin da ke bambanta ciwon gini da sauran cututtuka shi ne lokaci. Ma'aikaci yakan fito gida lafiya ƙalau, ciwon ya fara bayan awa ɗaya ko biyu da zamansa a ofis, ya lafa da yamma, ya ɓace a ranakun Asabar da Lahadi ko lokacin hutun shekara, sa'an nan ya dawo ranar Litinin. Haka kuma ba mutum ɗaya yake kamawa ba. Masu asma da masu saurin mura sun fi jin jiki, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mata sun fi maza kai ƙorafi a kansa.

Taƙaitaccen Tarihi

An fara lura da wannan matsala sosai a Amurka da ƙasashen Turai bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973. Domin rage kuɗin ɗumama ofisoshi da sanyaya su, sai aka riƙa toshe duk wata kafa ta gini, aka kuma rage iskar waje da ake shigarwa. A Amurka an sauke ma'aunin daga kimanin lita 7 a kowace daƙiƙa ga mutum ɗaya zuwa kimanin lita 2 da rabi. Ba a jima ba ƙorafin ma'aikata ya yawaita. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amfani da sunan wannan larura, kuma wani rahoton kwamitinta na 1984 ya yi hasashen cewa har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta a duniya suna iya fuskantar irin wannan ƙorafi. A 1989 injiniyoyin Amurka suka mayar da ma'aunin ofis zuwa kimanin lita 10 ga kowane mutum. Wannan adadi na lita 10 shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 2021, lokacin annobar korona.

Darasin wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin abin da tsadar mai ta sa Turawa suka yi, shi ne zafi da ƙura da tsoron ɓarayi suke sa mu yi a yau, wato rufe taga.

Yanayin Ƙasar Yauri

Ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga su ne suka haɗu suka zama Masarautar Yauri, a kudancin Jihar Kebbi, a gefen Kogin Kwara. Hedikwatocinsu su ne Yelwa, Wara da Shanga. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin ya cika ya mamaye fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200. Kimanin mutane 44,000 aka tayar daga tsibirai da garuruwan bakin kogi, ciki har da Gungawa masu yawa, aka sake tsugunar da su a sababbin garuruwa. An yi gidajen waɗannan garuruwa da bulo na siminti da kwanon rufi na asbesto, kuma yanzu sun haura shekara 50.

Wannan sauyi daga ginin ƙasa zuwa ginin bulo yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai. Duk wanda ya yi ƙailula a ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko a ƙarƙashin rufin ciyawa, ya kuma yi a ɗakin bulo mai rufin kwano, ya san bambancin. Kusan dukkan sakatariyoyi, makarantu, kotuna da ɗakunan shan magani na yankin irin gini na biyu ne.

Yanayin shekara kuma yana jarraba gini ta fuska uku. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Da damina akan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, ga laimar tafki, ga ambaliya irin ta 2012 da ta 2020. Da hunturu kuwa iska takan bushe, hazo da ƙura su cika ko'ina. Kowane lokaci da irin matsalar da yake kawowa.

Dalilan Ciwon Gini

Na ɗaya: Ƙarancin iskar waje

Wannan shi ne uban dalilai, domin shi ke sa duk wani gurɓataccen abu ya taru a ɗaki maimakon ya fita. Mutumin da ke zaune yana fitar da kimanin lita 18 na iskar kabon dayoksaid a kowace awa ta hanyar numfashi. A waje, yawan wannan iska bai wuce kimanin kashi 420 cikin miliyan ba. Masana sun daɗe suna ɗaukar kashi 1,000 cikin miliyan a matsayin alamar cewa ɗaki ba ya samun isasshiyar iska. Idan aka ɗauki ofis mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3, aka zaunar da mutum shida aka rufe ƙofa da taga ruf, kafin a cika awa ɗaya an wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Daga nan sai hamma da nauyin kai.

Ya kamata a lura cewa na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska. Iskar da ke ɗakin take juyawa tana sanyayawa. Haka ita ma fanka, kaɗa iska take yi, ba ta sauya ta sai in akwai taga a buɗe. Matsalar takan ƙaru inda aka liƙe tagogi saboda na'urar, sa'an nan aka ɗauke wuta, abin da aka saba gani duk da kusancin yankin da Kainji. Sauran abubuwan da ke hana iska ratsawa su ne kabad ko tarin fayiloli da aka jingina da taga, ragar sauro da ƙura ta toshe, babban ɗaki da aka yanka da katako aka mayar ƙananan ofisoshi, da katangar da aka gina dab da taga.

Na biyu: Hayaƙin janareta da na ababen hawa

Wannan shi ne dalili mafi haɗari, domin yana iya kisa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi har ninki sama da 200, sai jiki ya rasa iskar da yake buƙata. Kaɗan daga cikinta yana kawo ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Mai yawa yana kawo suma da mutuwa. Saboda gudun sata ko ruwan sama, akan ajiye janareta a baranda, ko a ƙarƙashin taga, ko a lungun matattakala, hayaƙin ya riƙa komawa ciki. Haka babura da motocin da ake bari a kunne a bakin ƙofa, da sharar da ake ƙonawa a harabar ofis.

Na uku: Danshi da funfuna

Rufin da ke yoyo, bangon da ke jan ruwa daga ƙasa, famfon da ke ɗiga da ruwan da ke zuba daga na'urar sanyaya ɗaki duk suna jiƙa silin, kafet da takardu. Abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, funfuna takan fara tsirowa a kansa. Ƙwayoyinta suna tashi cikin iska, su jawo atishawa, tari da tashin asma. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ta musamman a kan danshi da funfuna, inda ta tabbatar da alaƙarsu da cututtukan numfashi. Alamominsu su ne warin ruma idan aka buɗe ofis da safe, baƙin tabo a silin, fenti mai ɓarewa, da farin gishiri a gindin bango. Gine-ginen da ke kwari ko kusa da bakin ruwa, da ɗakunan ajiyar fayiloli, sun fi kamuwa. Shafa sabon fenti a kan funfuna ba ya kashe ta, sai an toshe hanyar ruwan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu: Sinadarai

Sabon fenti, gam, man goge katako, sabon kafet da kujeru da teburan da aka yi da matsattsen garin katako suna fitar da tururin sinadarai, kuma zafi yana ƙara yawan fitarsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne fomaldihaid, mai sa yajin ido da maƙogwaro, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji a 2004. Na'urar fotokwafi da firinta su ma suna fitar da wari da ƙananan ƙwayoyin ƙura, musamman a ƙaramin ɗaki.

A yankin noma kamar namu akwai ƙarin haɗari. Sau da yawa sito yana manne da ofis, ana ajiye takin zamani, maganin ciyawa, maganin feshi da man fetur a ciki. Ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi da wake a buhu tana fitar da iska mai guba da ake kira fosfin, wadda ke ratsa silin ta shiga ɗakin da ke maƙwabtaka. Haka nan fesa fiya-fiya ko Sniper a ofis domin sauro ko gara. Maganin gona ne, ba na ɗaki ba, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna. Maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, turaren fesa ɗaki da hayaƙin taba duk suna ƙara wa iskar ɗaki nauyi.

Na biyar: Ƙura da bushewar iska

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a labule, kafet, fayiloli da matatar na'urar sanyaya ɗaki. Sharar da ake yi da busasshiyar tsintsiya bayan ma'aikata sun zauna tana tayar da ita ne kawai. Bushewar iska kuma tana sa fashewar leɓe, haɓo da zafin ido. Matatar da aka yi watanni ba a wanke ba tana watsa wa mutane duk abin da ta tara.

Na shida: Jemagu, ɓeraye da masai

Jemagu da tantabaru suna son silin ɗin tsofaffin gine-gine. Kashinsu yana taruwa, ya yi wari, ya riƙa zubowa ta tsagogi. Kyankyasai da ɓeraye suna barin abin da ke tayar da asma. Sokawen da ya cika ko ya tsage, da bayan gidan da ba ruwa, suna aika wari cikin ofisoshin da ke kusa.

Na bakwai: Zafi, haske, hayaniya da cunkoso

Rufin kwano maras silin ko mai gajeren silin yana mayar da ofis tamkar tanda da rana tsaka. Ƙarancin haske, ko ƙwan fitila mai ƙyaftawa, ko hasken rana da ke dukan fuskar kwamfuta, suna gajiyar da ido. Ƙarar janareta ta yini guda tana kawo ciwon kai. Bugu da ƙari, an tabbatar cewa yawan aiki, matsin lamba da rashin sauraron ƙorafin ma'aikata suna ƙara tsananin alamomin, ko da yake ba su ne ke gurɓata iskar ba.

Cututtukan da Bai Kamata a Haɗa da Ciwon Gini Ba

Akwai cututtuka sanannu da ake ɗauka a cikin gini, waɗanda ba sa lafawa don an fita waje. Misali shi ne cutar huhu da ta ɓulla a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda mutane fiye da 200 suka kamu, kimanin 30 suka rasu. An gano ƙwayar cutar tana hayayyafa a ruwan manyan na'urorin sanyaya gini. A nan gida akwai zazzaɓin Lassa da ake samu daga fitsari da kashin ɓera, da tarin fuka da ke yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso maras iska.

Shi kuwa asbesto ba ya kawo ciwon kai nan take. Illarsa takan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40 ko fiye, ta hanyar taurin huhu ko ciwon daji. Kwanon da ke lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana cikin ƙurar da ke tashi idan aka fasa shi, ko aka yanke shi da zarto, ko aka huda shi. Saboda haka duk mai gyaran tsohon rufi ko silin a garuruwan da aka sake tsugunarwa, ya jiƙa kwanon da ruwa, ya cire shi ɗungurungum, ya rufe hanci da abin kariya mai inganci, kuma kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa ko a cike hanya da su.

A kula: zazzaɓi mai zafi ba ya cikin alamomin ciwon gini. Wanda jikinsa ya yi zafi ya je asibiti a yi masa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fitowa cikin minti 20. Tarin da ya kai mako biyu, tarin jini, ƙuncin numfashi ko rama suna buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Idan mutane da dama suka ji jiri ko suka faɗi lokaci ɗaya, a kashe janareta, a fitar da kowa waje, a garzaya da su asibiti mafi kusa.

Yadda Ake Gano Matsalar

Ba sai an jira na'ura daga Birnin Kebbi ba. Shugaban sashe, tare da jami'in duba-gari da wani daga sashen ayyuka, suna iya yin haka:

1. A buɗe littafi na tsawon mako biyu, a riƙa rubuta wanda ya yi ƙorafi, da alamar da ya ji, da lokaci, da ɗakin da yake zaune.
2. A tambaya ko alamun suna lafawa a ƙarshen mako.
3. A tuna abin da ya sauya kafin ƙorafin ya fara: sabon fenti, sababbin kujeru, feshi, sabon janareta ko ƙarin ma'aikata.
4. A zagaya ginin da sassafe kafin a buɗe tagogi, a shinshina, a duba silin, gindin bango, bayan kabad da sito.
5. A gwada gyara ɗaya, kamar matsar da janareta ko buɗe tagogi, a ga ko ƙorafin ya ragu.

Matakan Gyara

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktoci:

1. A ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa yana kallon nesa da gini.
2. A gyara rufi da magudanun ruwa kafin faɗuwar damina, a sauya silin da kafet ɗin da funfuna ta kama.
3. A raba sito da ofis. Taki, maganin ƙwari da fetur su koma gini na dabam.
4. A yi fenti da feshi ranar Juma'a bayan tashi daga aiki, a bar tagogi a buɗe kafin a dawo.
5. A wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki a kalla sau ɗaya a wata, fiye da haka da hunturu.
6. A toshe kafofin jemagu bayan sun fita da magariba, a yayyafa wa kashinsu ruwa kafin a kwashe.
7. A sabon gini, a sa tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna, a ɗaga silin, a tsawaita baranda, a sa abin hana danshi a harsashi, a dasa itatuwan inuwa, a kuma guji kwari. Tun ran gini tun ran zane.

Ga ma'aikata da masu shara: a buɗe ƙofa da tagogi da safe kafin a zauna, a sake buɗewa lokacin sallar Azahar. A goge ƙasa da tebura da jiƙaƙƙen tsumma kafin isowar mutane. Kada a toshe taga da kaya, kada a bar ragowar abinci ya kwana. A riƙa shan ruwa, a riƙa fita shan iska lokaci-lokaci. Wanda ya ga yoyo ko ya ji wari ya sanar da shugabansa a rubuce.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Hana Yaɗuwar Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta haramta shan taba a cikin wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a, in ban da wurin da aka keɓe. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya yi tanadi a kan haske da shigar iska a gine-gine. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta sanadiyyar aikinsa. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi kuma suna da hurumin duba tsabtar gine-gine, har da na gwamnati.

Kammalawa

Ma'aikacin da ke fama da ciwon kai kullum ba zai iya yi wa jama'a aiki yadda ya kamata ba, kuma manomi ko masuncin da ya taso tun daga Zamare, Libata ko Dugu domin a sa masa hannu a takarda shi ke komawa gida hannu rabbana. Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su sanya gyaran rufi, tagogi da wurin ajiye janareta cikin kasafin kuɗinsu na shekara, su kuma ɗauki ƙorafin ma'aikata da muhimmanci. Haka kuma ana roƙon iyayen ƙasa, hakimai da limamai su isar da wannan saƙo ga jama'a, domin abin da ya shafi ofis ya shafi aji, ɗakin shan magani, shago da ɗakin kwana. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi sashen kiwon lafiya matakin farko ko ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma a Yelwa, Wara ko Shanga. Rigakafi ya fi magani.